Akwatin Saman Kabad

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, in dai ta jiki ake tambaya.

Yaya, asirina ya tonu. Kin san halina a kan keke, ban taɓa ɗinka riga ban bar rarar inci biyu a ciki ba, ko mai ita za ta yi ƙiba a buɗe mata. To, haka na yi wa aurena. Tun ranar da na shigo gidan nan na ajiye akwati a saman kabad, a shirye: kaya kala uku, takarduna, almakashi, da mabuɗin gidanki. Ke kaɗai za ki gane dalili, tunda ke ce riƙe da hannuna ranar da Baba ya ce Inna ta bar masa gida, ta fita da zanen jikinta kawai.

Ranar Talata fankar ɗakinmu ta tsaya. Baban Ummi, mai gyara wa gari guda wuta amma fankarsa ta yi wata tana kuka, sai ranar ya ga dama. Ya hau tsani, akwatin ya tokare shi, ya sauko da shi ya buɗe. Da tsofaffin kaya ya tarar, da na ce mantuwa ce. Amma rigar Ummi ya ɗago, wadda na ɗinka watan jiya, daidai jikinta na yanzu. Duk wata uku nake canja kayan, Yaya, shekara huɗu ke nan.

Bai yi faɗa ba. Ya ninke rigar, ya rufe akwatin, ya ajiye shi a bayan ƙofa, ya ce kada wata rana in faɗo garin ɗaukowa. Sannan ya koma kan fankarsa. Wallahi gara ya zage ni. Mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba, na kama shi da laifin wani, kuma ina sonsa.

Ki gaida yara. Ki ba ni shawara, don kaina ya kulle.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar gida. Wasiƙarki ta iso, har da faɗan da ke ciki, kuma na cancanta.

Na yi yadda kika ce. Na juye akwatin a gabansa, na jera kayan a kabad, na ba shi labarin Inna tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya fahimta, sai dai shi duk shekarun nan ya ɗauka mu biyu ne a ɗakin, ashe shi kaɗai ne ya zauna, ni a tsaye nake.

Akwai wani aikin sa wayoyin wuta a sabon gini, can nesa, wata shida. Sau biyu yana ƙi saboda mu. Jiya ya karɓa. Da safe ya tambaye ni, cikin ladabi kamar baƙo, ko zan ara masa akwatin tunda babu komai a ciki. Ni na goge masa rigunan, ni na jera. Ya sumbaci Ummi, ya ce in kula da kaina. Na tambayi ranar dawowa, ya ce bai sani ba tukuna.

Yaya, shekara huɗu ina shirin wannan rana, ga ta ta zo, ban shirya komai ba. Ga mabuɗinki nan cikin ambulan. Ina nan zaune har ya dawo, in zai dawo.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta