Dawar Baba a cikin kwalba

Zuwa ga ɗana Tankiso,

Gaisuwa mai yawa daga nan kan dutse. Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya, ya fito da kai daga ramin ma'adinin nan kullum da ƙafafunka biyu. Mu duk lafiya, sai gwiwata da ke gardama. Matarka ce ke rubuta wannan, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Tun shekarar da dusar ƙanƙara ta binne tumakinmu, ban ga abin da ya sa na rasa bakin magana ba sai jiya. Ka san labarin: yunwa ta sa gari duka ya cinye irinsa, kakanka Baba Mokhele ya ɓoye zangarniyar jar dawa guda ɗaya a rufin ɗaki, muna kuka ya hana mu ci. Ita nake shukawa har yau. Na sha ba ku labarin nan kai da ƙannenka, kuna hamma.

To, ga laifina. Bana dawar ta yi kai, tsuntsaye suka sauko mata kamar an gayyace su. Gonar nan ce kaɗai ta rage da irin Baba. Sai na cire 'yarka Nthati daga makaranta, na ɗora ta kan tudun tsaro da sandar harba laka. Na san ka hana. Na ce a raina ai ni ma a tudun nan na girma, ban mutu ba. Kwana huɗu tana kora tana kumbura baki. Rana ta biyar malamarsu, Puleng, ta aiko wai in ba tsoron allo nake ji ba, in zo da kaina. Ni, tsoro? Na yafa bargona na hau doki, da niyyar in wanke ta tas.

Tankiso, shekara saba'in da shida ban taɓa shiga aji ba. Na ɗauka bulala zan tarar. Sai na ga kamar an kwaso gona an zuba a ɗaki. Ganyen itatuwan bakin rafi da suka yi ruwan ɗorawa an manna su a bango, ga kabewa, ga masara, yara suna koyon ƙidaya da wake. Wani mai giɓi ya ce da ni, “Tsoho, kai ma aji ɗaya aka sa ka?” Na ce masa in ya fito da haƙora ya zo mu yi magana.

A bakin taga na hango kwalabe jere, kowace da jiƙaƙƙiyar takarda da ƙwayar dawa. Kallo ɗaya na gane ta. Ashe Nthati, 'yar ɓarauniyar nan, ta ɗebi irina ta raba wa ajinsu. Na ɗaga murya na ce wane mahaukaci ke shuka alhali lokacin sanyi na bakin ƙofa? Malama ta yi dariya ta ce, “Baba, ba girbi muke nema ba. Matso ka duba.” Na ɗauki kwalba ɗaya na ɗaga ta wajen haske. Saiwa ce fara sol, siririya kamar zare, da gashi-gashi a jikinta, ta lanƙwasa ta nufi ƙasa. Yaran sun ja layi a jikin kwalbar, kowace safiya inda ta kai. Na tuge saiwa ba adadi, amma ban taɓa ganinta a kan hanyarta ba. Malama ta ce sun kifa wata kwalbar, saiwar ta juyo ta sake neman ƙasa. Wa ya gaya mata? Duk shekarun nan wannan aikin ake yi a ƙarƙashin ƙafata.

Ban gama dawowa hayyacina ba, malama ta tambaye su dawar wa ce wannan. Baki talatin suka amsa, “Dawar Mokhele!” Wata yarinya da ban san ko 'yar wa ce ba ta miƙe ta ba da labarin ƙanƙara, da rufin ɗaki, da kukanmu. Har tsakin da nake yi a tsakiya ta yi, don haka Nthati ta koya musu. An rubuta sunan Baba a allo. An nuna mini, na shafa, alli ya kama yatsana. Sai malama ta ce kwalbar Nthati ce kaɗai ba a ja wa layi ba, kwana biyar ke nan. Ga matarka nan ta ɗago kai daga rubutu tana jira in ce na yi kuskure. Ba zan faɗa ba, ta rubuta abin da ya biyo baya.

Ka gaida kawunka Lebohang da iyalinsa, da Thabiso in kun haɗu. Gwaggonka Masechaba tana gaishe ka, ta ce ka sa hula.

Gobe da sassafe zan ɗora Nthati a doki in sauke ta ƙofar aji. Daga nan in wuce gona, in cura laka, in hau tudun da gwiwar nan tawa. Tsuntsaye za su ci rabonsu, na sani. Amma irin Baba yanzu yana wuri talatin.

Ni ne mahaifinka,
Ramaili Mokhele