Rabin Layi a Shafin Manazarta

Zuwa ga Shugaban Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko, a jami'ar da nake ɗaliba.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali, da fatan kowa yana lafiya.

"Malama, ki daina wahalar da kanki, duka-duka maganar rabin layi ce." Haka jami'in da ke duba tsarin kundaye a ofishinka ya ce da ni, jan biro a hannunsa, kundina na digiri na biyu a buɗe a gabansa. Ba ƙararsa na kawo ba. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya tambaye ni yaya hanya. Kuma gaskiya ya faɗa, rabin layi ne. A kansa nake rubuto maka a bainar jama'a, saboda takardun da na aiko a rufe har yau ban ga amsarsu ba.

Ni malamar sakandare ce a Birnin Gwari. Kundina a kan kaɗanya da ɗorawa ne, da yadda sana'ar matan da ke yin man kaɗanya da daddawa ta koma tun da shiga daji ya gagara. Na kare shi a gaban masu jarrabawa, sun amince, duk gyaran da suka ce a yi na yi. Sa hannun ofishinka kaɗai ya rage. Wa'adin karatuna zai cika a ƙarshen wannan zango, in ba a sa hannu ba kafin nan, digirin ya tafi. Na san haka sarai, kada a ɗauka ban karanta takardar gargaɗin ba.

Na farko, abin da ƙa'ida ta ce.

Littafin ƙa'idojin rubuta kundi na makarantar nan ya ce, idan marubutan wani aiki sun wuce biyu, a rubuta sunan na farko kawai, a bi shi da kalmomin Latin guda biyu, et al., wato "da sauransu". Ba a cikin bayani kaɗai ba, har a shafin manazarta na ƙarshe, inda ake jero ayyukan da ɗalibi ya dogara da su. Na bi wannan littafi kamar yadda ake bin umarnin likita. Waƙafi, aya, shekara a cikin baka, karkatattun haruffa ga sunan littafi, tazarar gefen shafi, duk ban saɓa ba. A wuri ɗaya tak na ƙi. Akwai rahoton da mutum huɗu suka rubuta, ni kuma na jero sunayensu su huɗun.

Na biyu, wane ne a cikin "sauransu".

Rahoton ƙidayar itatuwa ne na gefen dajinmu, ta wajen Kuyello da Kutemeshi. Babi biyu na kundina a kansa suke tsaye, domin ba wanda ya sake irin wannan ƙidaya tun daga lokacin, kuma ban ga mai niyyar sakewa ba. An jera sunayen marubutan bisa girma, kamar yadda aka saba: Farfesa, sai Dakta, sai wani Dakta, sai na ƙarshe wanda digirinsa na farko kawai yake da shi, a fannin gandun daji. Na ƙarshen nan mijina ne.

Ba ina rage wa kowa haƙƙinsa ba ne. Farfesa ne ya nemo aikin ya tsara shi, Daktocin suka yi lissafi. Amma a cikin su huɗun, mutum ɗaya ne mazaunin garin nan, don haka shi ne ya riƙa shiga. Da babur yake tafiya, da tef ɗin awo da gwangwanin jan fenti. Ya zagaya tef a jikin itace daidai ƙirjinsa, ya rubuta, ya ɗiga masa fenti don kada ya maimaita. Ya dawo da ƙarangiya a ƙafar wando, da fenti a hannun riga wanda sabulu ba ya fitarwa. Na yi masa ƙorafi a kan rigunan nan har na gaji. Shi kuwa sai ya zauna yana ba ni labarin wata tsohuwar kaɗanya da tef ɗinsa ya kasa zagayewa, kamar mai ba da labarin surukarsa.

Bayan an fitar da rahoton, ya koma dajin a lokacin kaka don ya sake auna wasu wurare. An tsinci babur ɗin a gefen hanya. Muka zauna jiran waya, kamar yadda kowa a ƙasar nan ya koyi jira. Ba a kira ba. Da shekarun da shari'a ta ɗiba suka cika, alƙali ya yanke hukunci, na yi takaba. Babu gawa, babu kabari. Na san mu kabarinmu ba ya ɗauke da suna dama, amma aƙalla ana nuna wa mutum tudun ƙasa a ce masa, nan ne.

Na uku, shawarar da ake ta ba ni.

Duk wanda ya ji labarin nan a jami'a, sai fuskarsa ta yi laushi, ya ce in sa shi a shafin sadaukarwa. Har wata abokiyar karatuna ta ce, "Ke ma dai, ai can ya fi daraja, shafi guda sukutum nasa ne shi kaɗai." Na gode musu. Amma ranka ya daɗe, ka fi ni sanin bambancin shafukan nan biyu. A sadaukarwa ake sa wanda ake so. A manazarta ake sa wanda ya yi aiki. Ba mai binciken da ke buɗe kundi ya tafi sadaukarwa yana neman wanda ya ƙirga kaɗanyar Kuyello. A can zai zama marigayi mijin wata ɗaliba, a yi masa addu'a a juya shafi. Ni ba tausayi nake nema masa ba. Ya auna itatuwa, na yi amfani da awonsa, kuma a aji na farko na dabarun bincike aka koya mini cewa wanda ka ɗauki aikinsa sai ka ambace shi. Malamanku ne suka koya mini, ban zo da shi daga ƙauye ba.

Na huɗu, wanda ba ya cikin littafin ƙa'idoji.

Mu biyu ne a gida yanzu, ni da mahaifiyarsa, Inna, wadda ta baro Saminaka ta dawo wurina. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, har ya yi gemu. Ni kuma matarsa ce. Duk da digirina da surutuna a gaban allo, Malam nake ce masa, ban taɓa kiran sunansa ba, ko muna mu biyu. Yana raye wannan ba komai ba ne, abokai suna tsayawa a ƙofar gida su ƙwala masa kira, mu ji daga ciki. Yanzu abokan sun watse, wasu Kaduna, wasu Zariya. Sai ga gida da mata biyu waɗanda ba su da zancen da ya wuce shi, kuma ba wadda za ta iya faɗin sunan. Da yamma mu zauna a tabarma, ta ce yaron nan yana son kunun tsamiya, in ce haka ne Inna, shi ke nan.

Ranar da na zo buga shafin manazarta na gane cewa akwai wuri ɗaya a duniya da ni ba matarsa ba ce. A wannan shafin ni ɗaliba ce, shi marubuci ne, babu kunya a tsakaninmu. Na buga sunan cikakke. Inna ba ta karatun boko, amma na ɗora mata yatsa a kan layin. Ta daɗe ba ta ɗauke ba. Tun daga ranar, duk dawowar da zan yi daga jami'a, kafin ta tambaye ni hanya sai ta ce, "Yana nan dai?" In ce yana nan. Shi ya sa ma a wannan wasiƙa ba za ka ga sunan ba. A nan matarsa ce ke magana.

Na biyar, na je wurin Farfesa.

Na yi tunanin in shi mai sunan farko ya sa baki, za a saurare shi. Ya karɓe ni da mutunci. Ya ce, "Allahu akbar, ke ce matar yaron nan na Birnin Gwari? Yaro mai ƙwazo, wallahi. Yaya ma sunansa?" Ya murza goshi yana jira in taimake shi. Na tsaya ina kallon kafet. Ban ga laifinsa ba, ɗalibai da yawa sun wuce ta hannunsa. Sai dai a nan na ga yadda "da sauransu" ke aiki idan ya daɗe: yana barin takarda ya shiga kan mutane. Kuma wannan wanda ya san shi ke nan ido da ido.

Na fahimci dalilin ƙa'idar. Ana son kundaye su zama iri ɗaya, ana son a rage tsawo. Amma kundina yana da shafin da ba komai a kansa sai kalma ɗaya a tsakiya, kuma ƙa'ida ce ta ce a bar shi haka. Wuri bai yi mana ƙaranci ba. Akwai kuma tsare-tsaren da jami'o'in duniya ke bi waɗanda ke taƙaitawa a cikin bayani, amma su jero kowa a manazarta. Ban ƙirƙiro bidi'a ba.

Ga abin da nake roƙo. A bar "da sauransu" a cikin bayani, na yarda, haka ma na rubuta. A shafin manazarta kuwa a bar mini sunayen nan huɗu, a sa wa kundina hannu kafin zango ya ƙare. Sannan idan kwamitinku ya zauna gyaran littafin ƙa'idoji, a dubi wannan layi, a tuna cewa a irin ayyukanmu na ƙarshe a jeri shi ne yawanci wanda aka aika daji. In kuma ƙa'ida ba ta tanƙwaruwa, a rubuto mini a takarda cewa an hana ni digiri saboda na ambaci marubuci. Zan adana ta tare da sauran takarduna. Ba zan goge ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da ofishin nan lafiya, ya tsare ka da naka daga jiran wayar da ba ta zuwa.

Kundin yana ofishinka yanzu. A zuwana na ƙarshe na kai shi a ɗaure da bango, yadda yake. Jami'in ya buɗe shafin, ya girgiza kai, ya ce shi ba shi da ikon sa hannu, sai dai ya miƙa sama. Sannan ya ce, "Wai wanne ne ma a cikinsu?" Na nuna masa da yatsa. Ya gyara tabarau, ya karanta a bayyane, a hankali, sunansa da na mahaifinsa, yadda ma'aikata ke karanta abu don kada su yi kuskure. Rabon da in ji wani ya furta shi tun a gaban alƙali. Ya ɗago yana tambaya ko lafiya, na ce lafiya lau, motar Birnin Gwari ce ba ta jiran yamma. Na ɗauki jakata na fita, na ja masa ƙofar.

Wassalam.

Ɗalibarka,
daga Birnin Gwari.