Safarka ce, ba zannuwana ba

Kai Baban yara,

Na tafi asibiti karɓar magani, sai la'asar.

Jiya a gaban jikokina ka ce zannuwana ne suka sa injin wanki wari. Ruwan kwalbar nan na wanke inji da ka sayo kuwa, sau uku kana zubawa, ƙamshin yini ɗaya yake yi, wari ya dawo. Yau na ɗaga robar bakin injin, sai ga baƙar dauɗa da safarka da ta ruɓe a ciki. Na goge da ruwan zafi da tsumma, wari ya tafi. Kar kowa ya rufe murfin, a bar shi ya sha iska.

Safar tana kan kujerarka. Ka tara yaran kafin in dawo, a gabansu za ka ba ni haƙuri.

Uwarka