Takardar da Ke Wurin Baba Barau

Basirka, 3 ga Mayu

Zuwa ga abokina Dogara,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Birnin Kudu. Mu ma lafiya, an yi ruwan fari jiya.

Takardar shiga makarantar Littafi Mai Tsarki da ka aiko ta hannun Yahuza direba ta iso. Na ƙi kiranka a waya ne, don a ƙauyenmu sai an hau tudu ake samun sabis, kuma duk mai wucewa sai ya tsaya ya taya ka sauraro.

Ka tambaye ni ko na tabbata kiran Allah ne. Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya ba. Abin da na sani, shekara uku ke nan da aka ɗauke faston majami'armu, ba a turo wani ba. Ni kaɗai na iya karatu sosai cikin waɗanda ba su tafi birni ba, sai aka miƙo mini Littafin. Da ƙyar na fara. Yanzu kuwa ko huɗa nake yi, zuciyata tana kan wa'azin Lahadi. Amma ba ni da ikon yin baftisma, ba ni da ikon ba da jibin Ubangiji. Mutum bakwai suna jiran baftisma tun bara, ina kallonsu suna kallona. Wannan ke hana ni sukuni.

Na cike takardar, saura shaidar dattawan ikilisiya. Na kai wa babbansu, Baba Barau, domin ya dangwala yatsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka, ya ce zai duba. Tsohon da bai san ko baƙi ɗaya ba, me zai duba?

Ka gai da mai ɗakinka.

Naka,
Iliyasu

Basirka, 20 ga Yuni

Dogara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin innarka? Allah ya ƙara sauƙi.

An ɗaure ni, kuma ba da igiya ba. Ranar Asabar na dawo daga kasuwar Gwaram na tarar da gayya a gonata. Duk ikilisiya ta fito da fartanya, 'yan zumuntar mata sun dama kunu, har maƙwabtanmu Musulmi sun shigo. Kafin la'asar an gama mini noman fari. Ban roƙa ba, ban ma san da shirin ba. Baba Barau ya tsaya a kan kunya ya shaida wa jama'a cewa daga bana noman gonata ya zama nasu, ni kuwa in riƙe musu Littafi. Aka yi guɗa. Matata Batulu har da hawayen murna.

Ka san al'adarmu. Wanda aka yi wa gayya ba ya juya wa gari baya kafin a ci amfanin. Na durƙusa na yi godiya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Washegari na yi ƙarfin hali na tambayi takardata. Tsohon bai yi mini ɓoye-ɓoye ba. Ya lissafa mini yara huɗu da suka tafi karatu daga ƙauyen nan, kai ne na uku, ya tambaye ni wanne ya dawo. Na rantse zan dawo. Ya ce su ma sun rantse. Kada ka ji haushi, yadda ya faɗa na faɗa maka.

Wai don na iya aikin ne ba za a bar ni in koye shi ba. Ka roƙar mini masu makarantar su ƙara mini lokaci.

Naka,
Iliyasu

Basirka, 9 ga Satumba

Dogara ɗan'uwana,

Ina gaisuwa. Na gode da ɗawainiyar da ka yi har suka yarda su riƙe mini gurbi zuwa baɗi.

Watan jiya Baba Barau ya kwanta, tari ya kama shi har aka fid da rai. Ya aika in zo. Ya sa aka ciro takardar daga cikin randar da yake ajiye irin gero, ya dangwala yatsa a gabana, ya sa sauran dattawan biyu su ma suka dangwala. Sai ya riƙe hannuna ya roƙi abu ɗaya: kada in tafi sai na karanta masa Littafi a bakin kabarinsa. Mahaifinsa Bamaguje ne, an binne shi ba wanda ya karanta kome, shi kuma ba ya so a rufe shi shiru haka. Ina kuka na yi masa alkawari, don na ɗauka kwana biyu ne ko uku.

Ya warke, Dogara. Jiya da ƙafarsa ya zo sujada, ya zauna a gaba yana jan waƙa.

Takardar tana hannuna, a cike, ba abin da ya rage. Mutumin nan shi ya tsaya mini ranar baftismata, shi ya nema mini auren Batulu, ina ƙaunarsa kamar mahaifina. Amma yau da safe na je gaishe shi, ya yi tari sau biyu, sai na tarar da kaina na kasa kunne ina auna tarin. Na fito ban iya haɗa ido da shi ba. Wai ni ne mutumin da ke cewa an kira shi kiwon tumaki?

Ranar Lahadi ni zan yi addu'a domin marasa lafiya, kuma sunansa ne na farko. Ka yi mini addu'a kai, don ni ina tsoron abin da zuciyata za ta roƙa.

Ka huta lafiya.

Naka,
Iliyasu