Bana Ruwa Ba Zai Taɓa Daddawa Ba

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya ƙafar Baba, yaya yara? Mu nan unguwar Kurayyat ta Jidda lafiya lau.

Sanyi ya kusa, kuma a Jidda da sanyi ake ruwa. Bara ya cika mana tsakar gida, ya jiƙa daddawar da kika aiko. Bana na kwashe yashin da ya toshe magudana, na ɗora buhuna kan bulo, na ɗaure tamfol. Maigida yana dariya, wai, "Halas, ya isa haka, Rabi, nan ba Damagaram ba ce." Na ce masa bara ma haka ya ce.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da Baba. Daddawa kuwa, aiko ta hankalinki kwance.

'Yarki,
Rabi