Wutsiyar Gonta Ba Naƙasa Ba Ce

Iwanaga Tomiko,
Shagon Busasshen Kifi na Iwanaga,
Nagasaki.
14 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Ƙorafe-ƙorafe,
Kamfanin Inshorar Dabbobin Gida na Minazuki,
Tokyo.

Game da: ƙin biyan kuɗin tiyatar muzuruna, Gonta, bisa hujjar wutsiya

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da ofishinka, ni mai suna a sama, 'yar shekara saba'in da ɗaya, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. A watan Afrilun 2022 na zauna zaɓar wa Gonta inshorar lafiya. Kamfani uku ne a gabana, biyu sun fi naku arha. Na watsar da su ne domin wakilinku, Mista Kurihara Naoto, ya hawo matakalar unguwarmu yana haki, ya sha shayina, ya ba ni tabbacin cewa naku ne ke ɗaukar nauyin ciwon mafitsara, wanda shi ne ajalin muzurai da yawa. Na yarda da shi. Ashe tsufa ba ya maganin wauta.

2. A wannan zaman ya ga wutsiyar Gonta, lanƙwashe kamar ƙugiya, irin ta kyanwoyin garinmu. Na gaya masa abin da ko yaron goye ya sani a Nagasaki, cewa ƙugiyar nan sa'a take janyowa. Nan take ya durƙusa da kwat ɗinsa ya shafa ta, yana cewa, "Iya, bari in ɗan ɗebi sa'ar nan, ƙarin girma nake jira." Har hoto ya ɗauka. Kalmar naƙasa ba ta fito daga bakinsa ba.

3. Ranar 28 ga Oktoba, 2024, fitsarin Gonta ya toshe. Likitar dabbobi, Dakta Mine, ta buɗe hanyar da ƙyar. Ta ce tsakuwa ce, kuma in ba a yi tiyata kafin ƙarshen Nuwamba ba zai sake toshewa, a lokacin kuwa ba ta yi mini alkawarin komai ba. Tun rasuwar mijina, Gonta kaɗai nake ce wa "na dawo" idan na buɗe ƙofa. Ban faɗa don neman tausayi ba, na san ba ku da sashensa.

4. Na nemi ku biya kuɗin tiyatar, ranar 6 ga Nuwamba amsarku ta iso: wai wutsiyar "naƙasar haihuwa" ce, don haka duk ciwon da ya taso "daga ɓangaren baya na dabbar" ba ya cikin yarjejeniya. Yallaɓai, kifi nake sayarwa, ban yi karatun likita ba. Amma shekara takwas ina kwashe yashin da Gonta ke kewayawa a ciki, ban taɓa ganin ya yi fitsari da wutsiya ba. In akwai masanin da ya gani a Tokyo, ina roƙon sunansa. Dakta Mine da ta karanta, dariya ta yi har sai da ta cire tabarau.

5. Duk watan duniya kun karɓi kuɗina, wutsiyar tana lanƙwashe, ba ta dame ku ba sai ranar biya. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

6. Na buga waya na nemi Mista Kurihara. Wata mai zaƙin murya ta ce yanzu shi Manaja ne, ya wuce amsa wayar masu kyanwa, kuma shi da kansa ya yanke wannan hukunci. Ina taya shi murna. Ashe ƙarin girman ya samu.

Bisa haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinka ya amince da kuɗin tiyatar kafin 25 ga Nuwamba, kuma a goge kalmar naƙasa daga sunan Gonta. In kuwa Manaja Kurihara ya kafe a kan bakansa, to a umarce shi ya sake hawo matakalarmu, ya durƙusa inda ya durƙusa, ya mayar da sa'ar da ya ɗiba. Mai ita yana kwance, yanzu ya fi shi bukatarta.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Taka mai biyayya,
Iwanaga Tomiko