Ƙofar Baya

Uwata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tela maƙwabcina ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ofis ya lalace. Shekara talatin da ɗaya ina gadin ƙofar nan, tun daga nesa nake gane mutum. Mai kwat babba ne, a miƙe masa. Mai farar riga da laktayi akawu ne. Yanzu an ce kowa ya sa abin da ya ga dama, ya dai rataya kati a wuya.

Ran Litinin wani matashi ya zo da 'yar riga da takalmin kambas, kamar zai je ƙwallo. Na tsayar da shi a rana. Yana ta turo mini kati a fuska, na ce ya jira manya su iso. Ashe sabon manaja ne. An ce in jira hukunci.

Ki gaida mutanen gida.
Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Mu ma haka muke zuwa aiki yanzu, ba raini ba ne. Don Allah ka faɗa musu gaskiya, cewa ba ka iya karanta katin ba. Za su fahimta. In ba za ka iya ba, ka ajiye aikin ka taho wurinmu, ga ɗaki babu kowa ciki.

Allah ya ƙara maka lafiya.
'Yarka

Uwata,

Na amsa gaisuwa. In faɗa wa wa? Manaja huɗu na yi wa aiki, ina karɓar takarda ina gyaɗa kai, ba wanda ya taɓa ganewa. Sai yau zan tsaya gaban sa'an ƙaninki in ce ban san A ba? Kin manta wa ke goge miki kayan makaranta bayan rasuwar uwarki, har malamai na tambaya? Ke ma kin koma sa kayan barci zuwa ofis. Ba zan zo in zauna ina jiran a kira ni cin abinci ba.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki

Uwata,

Gaisuwa. Ba a kore ni ba, an mai da ni ƙofar baya. Nan ya fi. Masu kwashe shara kore suke sawa, mai kawo ruwa shuɗi. Ina gane kowa. Sai dai ba su tsayawa gaisuwa.

Kada ki gyara ɗakin.
Mahaifinki

Ni Tela na ƙara wannan, mahaifinki bai sani ba. Mota biyu ke bi ta ƙofar a wuni. Kullum da safe sai ya goge kakinsa, jiya ma ya kawo in sake masa maɓalli. In ya ji motar shara, miƙewa yake yi.